Kurakuran da masu gidajen haya a Katsina suka fi yi wajen lissafin riba

Dillali zai ce maka: "Alhaji, gidan nan na Ƙofar Ƙaura miliyan 30 ne, hayarsa miliyan 2.4 a shekara." Ka raba a waya, ka ga kashi 8 cikin 100, ka ji daɗi. Nan ne kuskure na farko, kuma shi ya fi cin mutane.

Kason ribar haya ana fitar da shi ne daga abin da ya rage a hannunka bayan ɗawainiyar gida, sai a raba da darajar gidan. Cire kuɗin gyaran rufi bayan damina, fenti, yashe shadda, gyaran famfon burtsatse, la'adar mai karɓar haya, da harajin fili. Cire kuma watannin da ɗaki ya zauna babu kowa, da bashin wutar KEDCO da ɗan haya ya gudu ya bar maka. A misalinmu, in waɗannan suka ci dubu 600, saura miliyan 1.8. Kashi 6 ke nan, ba 8 ba. Abin yana damuna, don na ga dattawan da suka zuba kuɗin sallamarsu a kan wancan 8 ɗin. Ka nemi rasit ɗin haya na shekara biyu kafin ka yi tayi.

Na biyu, raba riba da tsohon farashi. Ka saya miliyan 10 shekarun baya, sai ka ce kana samun kashi 18. Amma yau gidan miliyan 30 ne ke kwance a wurin, don haka da farashin yau za ka auna. Ta haka ne za ka iya kwatanta shi da wani abu, kamar Sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci na gwamnatin tarayya, wanda na farkonsa a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara.

Biyan bashin da ka ci ka sayi gida ba ya shiga wannan lissafi. Gidan ake aunawa, bashin naka ne.

Sai masu ganin kaso mai yawa su ruga. Ɗakunan ɗalibai a wajen Batagarawa, kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kan nuna kaso sama da gida a GRA, amma dalili ke nan: ɓarna ta fi yawa, ga hutu, ga yajin aiki. Na ASUU a 2022 wata takwas ya yi. Kwatanta shago da shago, gida da gida, a unguwa ɗaya.

Wannan ma'auni na shekara ɗaya ne kawai, ba ya ganin tashin farashin gida ko faɗuwar naira. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30, don haka mai kashi 6 da bai ƙara haya ba, ya duba nawa buhun siminti ya koma kafin ya kira abin da ya samu riba.