Kafin ka biya abonoman Canal, ga lissafin da zaka yi

Salamu alaikum ƴan Damagaram. Wani ƙanena a Garin Malam ya tambayeni wai ya saka Canal+ a gida ko ya bari, nace mishi tsaya tukunna, fara zama ka ƙirga wa ke kallon me a gidan.

In labarai ne kawai maigida yake so, irin na Télé Sahel, wannan ba sai ka biya ko dala ba, parabol da ƙaramar dekoda ta kyauta sun isa, kuɗin saye da na mai ɗaurawa ne kawai sau ɗaya shikenan. Arewa24 ma da mata ke so ana kamata kyauta in an saita kwanon daidai. Masu biya yawanci balo ne ke jansu, Premier League da Champions League, sai yara da katun ɗinsu, sai uwargida da Novelas.

To in kai kaɗai ne mai balo a gidan gaskiya gidan kallo yafi maka sauƙi, ga hira ga musun Real da Barsa, abinda falonka bazai baka ba. Amma in ku biyar ne ko shida, ko baka son yara suna yawon dare, nan kam biya yafi.

Sai maganar kuran. Abonoma kwana 30 ne kuma yana tafiya ko ka kalla ko baka kalla ba, lokacin zafi wajen Afrilu da Mayu in wuta tana yawan ɗaukewa a unguwarku kuma baka da panno da batir, kuɗinka ne ke ƙonewa a banza. Damina kuma hadari na haɗuwa hoto ya tsaya, iska ta karkata kwano, don haka a ɗaure shi da kyau jikin bango, kar a aza bisa kwanon rufi da dutse.

Fara da abonoman Access, shine mai araha, ka tambayi mai sayarwa ya nuna maka tashoshin dake ciki kafin ka miƙa jikkunanka, don ba kowane wasa ke ciki ba. Kuma ba dole kowane wata ba, ni Yuni da Yuli da aka tafi hutun balo bana biya, sai Agusta in sabunta ta waya da lambar dekoda.