Yadda na cire ƙarafan jitar bas ɗina na dawo da sha'awar kiɗa

Wata takwas jitar bas ɗina tana jingine a lungu tana shan ƙura. Kiɗan ya gundure ni, yatsuna sun haddace hanya, kunnena ya yi barci.

Sai na tuna Jaco Pastorius, makaɗin bas Ba'amurke da ya ɓamɓare ƙarafan wuyan jitarsa Fender Jazz ƙirar 1962, wato siraran ƙarafan da ke raba murya da murya, ya shafe wurin da gam mai tauri da ake kira epoxy. Na ce to, goge da gurmi ma ai ba su da ƙarafa.

Na ɗumama kowane ƙarfe da abin soda don gam ya saki, na zare shi a hankali da filaya. Ramukan na cike su da siraran katako fari, don layin ya riƙa nuna mini wuri, na goge da sanfefa har ya yi sumul. Inda na sha wuya shi ne tsirkiyoyi sun yi sama sosai, sai da na rage tsayin makarin da ke kan wuyan. Na kuma sa tsirkiya mai santsi, don mai kaushi cin katako take.

Makon farko, kai, abin ba daɗin ji! Dole yatsa ya sauka kan layi daidai, kuskuren ƙwayar gero kunne zai kama. Yanzu nakan zame daga murya zuwa murya har ƙarfe 11 na dare, sai uwargida ta ƙwanƙwasa ƙofa.