Kafin ka kai ƙarar gonar gado kotu a Tawa

Aikina rubuta wa mutane takardun ƙara a nan Tawa ta Nijar, kuma mafi yawan masu zuwa wurina rigimar gandun gida ce ke kawo su. Da yawa gaskiyarsu gare su, amma alƙali ya mayar da su tun kafin a ambaci sunan gonar. A ce ba a karɓi ƙararka ba daban, a ce gonar ba taka ba ce daban. Na farkon yana gyaruwa.

Fara da gidan maigari. Dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 ta wajabta a nemi sulhu wurin sarakunan gargajiya kafin rigimar gona ta je gaban alƙali. In abin ya fi ƙarfin maigari, a hau wurin sarkin kanto. A nan ake yawan tuntuɓe: an yi zaman, an yi ta musu har la'asar, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi, ba a rubuta komai ba. Ko an shirya ko ba a shirya ba, kada ka tashi sai an rubuta takardar zaman, wadda muke kira pebe, da sunayen masu rigima, da inda gonar take, da kwanan wata da hatimin sarki. Takardar rashin sulhun ita za ta shigar da kai kotu. "Ranka ya daɗe, ai mun je wurin sarki" da fatar baki ba ta wadatar.

Sai maganar wa ke ƙara. Gandun da ba a raba ba na magada ne duka, don haka za a tambaye ka da bakin wa kake magana. Ku yi taron dangi, a rubuta sunan kowane magaji, a naɗa wakili ɗaya, a kai takardar kotu a tabbatar da ita, a haɗa da takardar mutuwar mai gonar. Ku sa mata a ciki. Na san gidajen da ake tsallake gwaggo don tana aure a Ƙonni, ko ƙane don ya daɗe a Abijan yana bida. Ranar da ɗayansu ya bayyana, ko abokin shari'arku ya ambace shi, takardar wakilcin ta raunana, aiki ya koma baya. Kuɗin mota zuwa Ƙonni bai kai asarar damina guda ba.

Ka tantance irin gonar. Wadda ba ta da rajista al'ada ake bi a kanta, alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'adar masu shari'ar. Wadda aka yi wa titir fonsiye, wato takardar rajistar mallaka ta gwamnati, kuwa ta koma ƙarƙashin rubutacciyar doka, kuma tayar da wannan takarda abu ne mai wuyar gaske. Tambayi magatakardan kotu inda ya dace ka ajiye ƙarar, kotun da gonar ke yankinta ake nufa, ba ta garin da kake zaune ba.

Tambayi tsofaffin gida ko an taɓa yanke hukunci kan gonar nan tsakanin gidajen biyu. In an yi, har lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, ba a sake buɗe ta don jikoki sun girma.

A takardar ƙarar, bayyana gonar yadda baƙo zai gane ta: gabas gonar wane, yamma burtali, kudu ƙorama. Leƙa kwamitin ƙasa, wato Kofo, na ƙauye ko na komin, ko akwai shaidar mallaka, ta sayarwa, ta aro ko ta jingina. Rigingimu da yawa daga aro suka samo asali, kaka ya ba da aro, jikokin wanda aka ara wa suka ɗauka kyauta ce. Shaidun da suka san wa ke karɓar damin gero daga mai aro bayan girbi suna da nauyi, ka neme su tun suna raye.

In duk da haka an ƙi karɓar ƙarar, karɓi kwafin hukuncin ka sa a karanta maka dalilin. In takarda ce ta rasa, samo ta ka sake shigarwa. In kana ganin alƙali ya yi kuskure, tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, don kwanakin ƙidayayyu ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011.