Amsa-amon Turanci: inda ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC ko NECO ya san takardar furucin Turanci, inda ake ba yaro kalma ɗaya, a jera masa huɗu a ƙarƙashinta, a ce ya zaɓi wadda ta yi amsa-amo da ta sama. Tambaya ce mai kama da kyauta, amma a nan nake ganin yara masu ƙwazo suna zubar da maki. Da ido suke amsawa, alhali kuwa kunne ake tambaya.

Laifin ba nasu ba ne kaɗai. Rubutun boko ya saba mana da gaskiya: abin da ka gani a takarda shi za ka faɗa. Turanci bai yi wa kowa wannan alkawari ba. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila, rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, amma bakin mutane bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 da 1700 furucin dogayen wasulan Turanci ya sauya ƙwarai, rubutu kuwa ya zauna kusan yadda yake. Shi ya sa love, move da stove suka yi kama a ido, kowacce kuma da amonta. Love, wato so, abokiyar amonta dove ce, kurciya. Move, wato matsawa, tana tafiya da prove, tabbatarwa. Stove kuwa, murhun girki, sai drove.

Gidan da ya fi rikita yara shi ne na ough. Though, ko da yake, tana amsa go. Through, ratsawa ta cikin abu, tana amsa true. Tough, mai tauri, tana amsa stuff. Cough, tari, tana amsa off. Plough, garmar huɗa, tana amsa cow. Haruffa huɗu iri ɗaya, amo biyar. Babu wata doka da za ta cece ka a nan, sai ka haddace kowacce tare da wata kalma mai sauƙi da ka riga ka iya faɗa. Haka ma comb, tomb da bomb: dukansu b ɗin ƙarshe shiru yake, amma comb, mataji, tana tafiya da home, tomb, kabari, tana tafiya da room, bomb kuma da Tom.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin daga wurin masu son waƙa yake fitowa, waɗanda suka tashi da kunnen rubutacciyar waƙar Hausa. A wurinmu, idan kowane baiti ya ƙare da gaɓar wa ko ya, an samu amsa-amo, abin da malamai ke kira ƙafiya, kuma ya wadatar. Sai matashi ya ɗauki wannan ma'auni ya kai Turanci, ya haɗa happy da city don duk sun ƙare da amon i, ko nation da mention don ya ga tion. Ga kunnen Bature wannan bai cika ba. Amsa-amonsu yana farawa ne daga wasalin da aka danna da ƙarfi, ya ci gaba har ƙarshen kalma, sannan baƙin da ya zo kafin wasalin ya bambanta. A city ƙarfin yana kan gaɓar farko, don haka abokiyarta pity ce, tausayi. Nation kuma station take nema. Idan ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da ya sa funny, money da honey suka dace duk da rubutunsu ya sha bamban, da dalilin da ya sa daughter ba ta dace da laughter ba. Laughter, dariya, after take amsawa. Kafin ka ce kalmomi biyu sun yi amo, ka fara tambayar kanka inda ƙarfin kowacce yake. Ma'auninmu na Hausa daidai yake a gidansa, kawai dai kowace kasuwa da mudunta.

Akwai kuma abin da harshenmu ya gadar mana. Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye, sai ai da au. Turancin Ingila yana da wajen 20. To mai wasali biyar idan ya ji cat, cut da cart, sai ya zuba su a kwano ɗaya, alhali kyanwa ce da yanka da amalanke. Cat tana amsa hat, cut tana amsa shut, cart tana amsa heart. Ship da sheep kuwa bai kamata su gagari Bahaushe ba, tunda mu ma tsawon wasali yana raba mana ma'ana, kamar yadda fari na launi ya bambanta da fara, ƙwaron da ake ci, a wasalin farko. Jirgin ruwa gajere ne, yana tafiya da lip; tunkiya doguwa ce, tana tafiya da sleep. A ɓangaren baƙaƙe, p da f da kuma b da v ne matsalar. Pan da fan sun yi amsa-amo, amma ga wanda ya faɗe su iri ɗaya sun zama kalma guda, kaskon suya ya koma fanka. Idan baƙin a ƙarshe yake, amon gaba ɗaya ya ɓaci: cup ba ta amsa cuff, robe ba ta amsa rove.

Sai kalmomin da rubutunsu ɗaya, furucinsu biyu, ma'anarsu biyu. Waɗannan sai ka san abin da ake nufi kafin ka nema musu aboki. Tear idan hawaye ne tana amsa near, idan yagawa ce tana amsa wear. Lead na jagoranci yana amsa need, na darma yana amsa red. Wind na iska yana amsa pinned, na naɗewa yana amsa find. Bow idan baka ce ta harbi tana amsa go, idan rusunawa ce tana amsa cow. Ɗalibin da ya haddace amo ya bar ma'ana, rabin kalmar ya sani.

Lose da loose ma suna wahalar da manya, ba yara kaɗai ba. Lose rasa abu ne, ƙarshenta amon z, tana tafiya da choose. Loose sako-sako ne, ƙarshenta amon s, tana tafiya da goose. Wanda ya riƙe abokan amon nan biyu ya daina musanya su a rubutu.

Abu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi a zamanin waya shi ne bambancin Ingila da Amurka. Clerk, wato akawu, a bakin mutanen Ingila tana amsa dark, a bakin Amurkawa tana amsa work. Littattafan makarantunmu furucin Ingila suka fi bi, finafinai da waƙoƙin da yara ke saurare kuma yawanci na Amurka ne. Mai shirin jarrabawa ya tsaya kan na Ingila.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi. Kowa ya ware littafi guda, kowane shafi amo ɗaya. A saman shafi ya rubuta kalmar da ba ya shakkar furucinta, misali bed. Duk sabuwar kalmar da ya haɗu da ita, ya duba alamomin furucinta a ƙamus ko ya saurare ta a waya, ya faɗe ta da baki sau uku, sannan ya sa ta a shafin da ya dace, da ma'anarta da Hausa a gefe. Kafin zangon karatu ya ƙare, shafin bed kan tara said, bread, head, spread da dead, kuma a nan ne yawancinsu ke fara lura cewa paid da bead, da suka zata 'yan gidan ne, kowacce nata shafin daban yake.