Yadda za ka gyara TCP idan VSAT ɗinka na jan ƙafa

Ka biya kuɗin 20 Mbps na VSAT, wato intanet ta tauraron ɗan adam, amma fayil ɗaya na sauka kamar an tilasta masa? Kafin ka kira kamfani ka yi musu faɗa ka duba TCP ɗinka tukuna, wato tsarin da ke kula da tura bayanai a intanet. Tauraron ɗan adam irin su NigComSat-1R yana can sama kilomita 35,786, saƙo ya hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, wajen milisakan 600 ke nan, kuma ba injiniyan da zai rage maka wannan tazarar.

Shi TCP halinsa shi ne ya tura wani adadin bayanai sai ya tsaya jiran a ce masa an karɓa. In adadin nan 64KB ne kawai, to ko layin ya kai nawa ba za ka ga ko 1 Mbps cikakke ba. Sai ka yi lissafi, gudun layi sau jinkiri, wato 20 Mbps sau sakan 0.6, ya ba ka 1.5MB, abin da ya kamata ya kasance a kan hanya ke nan kowane lokaci. A Linux ka tabbatar saitin tcp_window_scaling da tcp_sack suna kan 1, sannan ka ɗaga lambar ƙarshe ta tcp_rmem da tcp_wmem, wato girman ma'ajiyar karɓa da ta turawa, ta ninka lissafin nan, ni dai 8MB nake sawa hankali kwance.

Sai maganar damina. Ruwan sama na ɓata sigina musamman a zangon sigina na Ku da Ka, wasu fakitin bayanai su ɓace, shi kuma CUBIC, tsarin kula da cunkoso da Linux ke zuwa da shi, sai ya zaci cunkoso ne ya rage gudu. Ka maida tcp_congestion_control zuwa bbr, na Google ne, yana cikin Linux tun siga ta 4.9. Amma fa a na'urar da ke TURAWA yake aiki, sa shi a laptop ɗin da ke saukewa ba zai ƙara maka komai ba.

Yawancin modem ɗin VSAT suna da wani tsarin ƙara gudu mai suna PEP a ciki, shi ke amsa wa TCP nan kusa don kada ya yi ta jira, to da ka kunna VPN, mai lulluɓe bayananka, ka rufe masa ido, shi ya sa gudu ke faɗuwa nan take. In VPN ɗin dole ne, a wuce da abin da ke buƙatarsa kawai ta ciki.

Ka gwada da iperf3, manhajar auna gudun layi, da haɗi ɗaya sannan da -P 4, wato haɗi huɗu a tare. In huɗun sun fi ɗayan nesa ba kusa ba, matsalar a saitinka take.