Yadda Ake Barin Aiki Ya Ci Gaba Bayan An Katse Haɗin Remote Desktop

Wanda yake shiga kwamfutarsa ta aiki daga nesa ta hanyar Remote Desktop na Windows yakan dawo ya tarar da aikin da ya bari, kamar sarrafa bidiyo ko lissafi mai cin sa'o'i, ya tsaya a tsakiya. Galibi ba katsewar haɗin ce ta jawo hakan ba. Idan aka rufe tagar, ko aka zaɓi "Disconnect", zaman (wato "session", shigar da mutum ya yi cikin kwamfutar tare da manhajojin da ya buɗe) yana nan a raye kuma manhajoji suna ci gaba da aikinsu. "Sign out" ne yake rufe komai, saboda haka a guje shi.

A fara da hana kwamfutar yin barci, domin kwamfutar da ta yi barci ba ta aiki, kuma sau da yawa ba a iya sake shigarta daga nesa. A kan kwamfutar da ake shiga daga nesa, a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, a rubuta powercfg /change standby-timeout-ac 0, sannan a maimaita umarnin da hibernate-timeout-ac a maimakon standby-timeout-ac.

Na biyu shi ne wa'adin da Windows yake iya ɗebar wa zaman da aka katse. A buɗe gpedit.msc, wato manhajar tsara dokokin Windows, a bi ta Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, har zuwa Session Time Limits. A nan a kunna "Set time limit for disconnected sessions" a zaɓi "Never". Sai dai idan kwamfutar tana ƙarƙashin tsarin ma'aikata, dokar da mai kula da tsarin ya kafa ita ce za ta yi rinjaye, kuma shi ya kamata a tuntuɓa. Kafin a fara dogon aiki kuma, a dakatar da Windows Update na ɗan lokaci don kada ya sake kunna kwamfutar cikin dare.

Inda lamarin yake da wuya shi ne manhajojin da suke dogara da allo, irin waɗanda suke motsa linzami da danna maɓallai da kansu. Da zarar an katse haɗin, Windows yakan daina zana allon, sai su rasa abin da za su danna, duk da cewa ba su mutu ba. Maganinsa shi ne a mayar da zaman kan allon kwamfutar kanta: a rubuta query session a Command Prompt a ga lambar zaman, sannan a matsayin Administrator a rubuta tscon, lambar, da /dest:console. Wannan dabara tana da haɗari, a ganina ba ƙarami ba, domin tana barin kwamfutar a buɗe ga duk wanda ya zauna gabanta. Kada a yi amfani da ita sai a ɗakin da ake kullewa.

Aikin da ba ya buƙatar allo kuwa, ya fi dacewa a miƙa shi ga Task Scheduler, manhajar Windows mai gudanar da ayyuka da kanta a lokacin da aka tsara, tare da zaɓin "Run whether user is logged on or not", ta yadda ko an fita daga zaman gaba ɗaya ba zai tsaya ba.