Yadda za ka kalli wata ka ga ramukansa, har ka iya sanin halin da teku ke ciki

Yawancin mutane in za su kalli wata sai su jira daren sha huɗu, wai lokacin ya fi kyau. Gaskiya a wurina wannan daren ne mafi ƙarancin amfani ga mai son ganin fuskar wata, domin hasken rana na dukansa kai tsaye, babu inuwa, komai sai ya baje ya zama fari fat.

Ka fara tun yana jinjiri, kwana uku ko huɗu, bayan faɗuwar rana ta yamma. Za ka ga sauran jikinsa na ɗan haske dishi-dishi, to wannan hasken duniyarmu ne ke komawa kansa. Amma ainihin kallon sai wajen kwana 7 zuwa 9, lokacin da ya zama rabi. Nemi madubin hangen nesa na hannu, ko irin mai 10x50 (wanda ke ƙara girman abu sau goma) ya isa, ka jingina gwiwar hannunka da wani abu don kada ya riƙa rawa, sai ka kai idonka daidai layin da haske da duhu suka haɗu. A nan rana ke fitowa a kan watan, inuwa ta yi tsawo, ramuka da tsaunuka su fito ɓaro-ɓaro, kuma gobe in ka dawo layin ya matsa gaba wasu sabbin ramukan ne za ka gani, shi ya sa ba a gajiya da abin.

Ramukan nan duwatsun sararin samaniya ne suka faɗo suka haƙa su, tunda babu iska babu ruwan sama sai suka zauna yadda suke. Baƙi-baƙin wuraren kuwa da ido ma ana ganinsu, narkakken dutse ne ya malala ya daskare, mutanen zamanin da sun ɗauka teku ne. A kan ɗaya daga cikinsu Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutane a kan wata, ya sauka a 1969. In wata ya cika ka duba ta kudancinsa, akwai ramin Tycho, faɗinsa kusan kilomita 85, da fararen layuka da suka watsu daga gare shi. Wannan kam sai a cikakken wata yake fitowa sosai.

Kullum fuska ɗaya ta wata za ka gani fa, saboda juyawarsa a kan kansa da zagayensa na duniya duk kwana 27.3 suke ɗauka. Asalinsa kuma, bayanin da masana suka fi karɓa shi ne wata duniya mai girman Mars ta yi karo da tamu shekaru kusan biliyan 4.5 da suka wuce, ɓaraguzan suka dunƙule suka zama wata, kuma duwatsun da ’yan sama jannatin Apollo suka kwaso, kilo 382, sun yi kama da na duniya ƙwarai.

Sai batun teku. Ƙarfin jan wata na sa ruwa ya taru ta ɓangaren da ke fuskantarsa da kuma ta bayan duniya, don haka a yawancin gaɓoɓi ruwa na cikowa sau biyu cikin awa 24 da minti 50, kullum yana ƙara makara da kusan minti 50 kamar yadda fitowar watan ke yi. Ga yadda za ka karanta shi: wata ya cika ko ya ɓuya gaba ɗaya, rana da wata sun hau layi guda suna ja tare, cikowar ta yi yawa janyewar ma ta yi nisa. In rabi ne, bambancin kaɗan ne. Siffar gaɓa ma na da tasiri babba, a mashigin Fundy da ke Kanada tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa na kai wa mita 16, wasu wuraren ko mita ɗaya ba ta kai ba, saboda haka in shiga ruwa za ka yi ka nemi jadawalin cikowar teku na wurin, kada ka dogara da kallon wata kaɗai.